An ce haƙorin megalodon ne daga ramin zinarin Anka. In saya?

Tambayar ta zo daga wani bawan Allah mai sayar da kayan gini a Birnin Kebbi. Wani dillalin duwatsu ne ya kai masa haƙora huɗu. Ɗaya baƙi wuluk, mai kusurwa uku, ya cika tafin hannu, gefensa biyu da ƙananan tsini irin na zarto. Sauran ukun ƙanana ne, ruwan ƙasa-ƙasa, kowanne da 'yan ƙahoni biyu a gindinsa, suna manne a jikin wani dutse mai laushi. Dillalin ya ce duka na megalodon ne, ƙaton kifin shak na zamanin da, wai masu haƙar zinari ne suka tono su a wajen Anka, kuma kuɗin da ya yanka ba kaɗan ba ne. Mai tambaya yana sha'awar fara tara irin waɗannan abubuwa. Yana so ya san ko na gaske ne, yadda ake gane jabu, da kuma ko mutum zai iya samunsu da kansa a Kebbi ko Zamfara.

Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kafin ka sake zama da dillalin nan, ka raba abu biyu a ranka: haƙoran daban, labarin da aka rataya musu daban. Yadda ka siffanta su, babu mamaki haƙoran na gaske ne. Labarin Anka kuwa ba ya tsayuwa, kuma ba sai na riƙe haƙorin a hannuna zan faɗa maka haka ba. Ƙasar Anka da kanta ce ke ƙaryata shi.

Zinarin Anka da Maru da Bukkuyum, har da na wajen Yauri a nan Kebbi, yana bin jijiyoyin farin dutse ne a cikin tsoffin duwatsun da sauran ƙasa ke zaune a kansu. Zafi da matsin cikin ƙasa sun dafa waɗannan duwatsu, sun murɗe su, tun shekaru sama da miliyan 500 da suka wuce. A lokacin ko kifi mai muƙamuƙi babu a duniya, balle shak. Wasu ma, irin dutsen Kwatarkwashi, narkakken dutse ne da ya huce a can ƙarƙashin ƙasa, babu abin da ya taɓa rayuwa a cikinsa. Haƙori yana ajiyuwa ne a cikin laka ko yashi ko dutsen farar ƙasa da suka kwanta a hankali a gindin ruwa, suka rufe shi kafin ya lalace. Ramin zinari ba irin wannan wuri ba ne.

Dillalin zai iya ce maka ai teku ta taɓa zuwa ƙasar nan. Gaskiya ne ta zo. Tun ƙarni na 11 malaman Musulunci irin su Biruni da Ibn Sina suka lura cewa inda ake tsintar ɓawon halittun ruwa a tudu, wurin gindin teku ne a da. Arewa maso yammacin Nijeriya gefe ne na wani babban kwari da ake kira Iullemmeden, wanda ya mamaye yammacin Nijar, ya taɓa Mali da Benin. Ɓangarenmu shi ake kira kwarin Sakkwato. Sau fiye da ɗaya wata teku marar zurfi ta ratso Sahara ta shigo wannan kwari. Akwai shigowar da ta yi a ƙarshen zamanin dainoso, tsakanin shekaru miliyan 72 da 66 da suka wuce, ta bar shimfiɗun laka da aka sa wa sunan ƙauyen Dukamaje. Ta sake dawowa bayan ƙarewar dainoso, ta bar lakar Dange da dutsen Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi a Sakkwato. Daga nan ta janye, wajen shekaru miliyan 55 da suka wuce, ba ta sake waiwayo mu ba.

Shi kuwa megalodon bai bayyana ba sai wajen shekaru miliyan 23 da suka wuce, ya kuma ɓace wajen miliyan 3.6. Ka ga ke nan tsakanin tafiyar teku daga ƙasarmu da zuwansa duniya akwai shekaru kimanin miliyan 30. Lokacin da yake yawo a tekuna, Kebbi da Zamfara tudu ne. Tsaunukan nan masu shafaffen kai da jar marmara da kake gani tsakanin Birnin Kebbi da Gwandu da Argungu, yashi ne da yumɓu da koguna da tafkuna suka zuba bayan teku ta tafi. Shi ya sa ma aka sa wa wannan shimfiɗa sunan Gwandu, kuma daga cikinta rijiyoyin burtsatse da yawa na yankin ke shan ruwa. Saboda haka ba Anka kaɗai ba, duk wanda ya ce maka ya tono haƙorin megalodon a Zuru ko Gusau ko Jega ko Kamba, ko dai bai san abin da ke hannunsa ba, ko ya san ka ba ka sani ba.

Yanzu ga dabbar. Sunanta a littattafan yau Otodus megalodon. Louis Agassiz, wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya raɗa mata sunan megalodon a shekarun 1830, kuma an daɗe ana ɗaukar ta kakar farin shak na yanzu, kafin bincike ya nuna danginsu daban. Jikin shak ba ƙashi ba ne, guringuntsi ne, shi ya sa ba a samun gangar jikinsa. Abin da ya rage mana haƙora ne da 'yan gaɓoɓin gadon baya, irin jerin da aka tono a Beljiyam. Daga waɗannan ake ƙiyasta tsawonsa. An daɗe ana cewa mita 15 zuwa 20, sai wani bincike na 2025 ya kai mafi girmansu kusan mita 24. Ka riƙe waɗannan alƙaluma da sassauci, domin lissafi ne aka yi daga haƙori da gaɓa, kuma yana canzawa duk lokacin da aka canza kifin da ake kwatantawa da shi. Abincinsa dai ba a jayayya a kai, don ana samun ƙasusuwan manyan dabbobin teku na wel da sawun haƙoransa a jiki. Bidiyoyin da ke yawo a waya masu cewa yana nan da rai a zurfin teku, ka bar su. Kifin ruwan ɗumi ne mai farauta kusa da gaɓa, kuma da yana nan da an ga sabon haƙorinsa fari, wanda bai koma dutse ba.

Akwai abin da dillalai ba sa son mai saye ya sani: haƙorin megalodon ba abu ne mai wuyar samu ba. Bakin shak jeri-jeri ne na haƙora, na gaba ya faɗi na baya ya matso, haka har mutuwa. Kifi ɗaya yakan zubar da dubbai a rayuwarsa. Ka lissafa wannan da shekaru kusan miliyan 20 da irin ya yi a kusan kowace teku mai ɗumi. Ɓallalle da gogagge da ƙarami sun cika kasuwa. Mai wuyar samu shi ne babba wanda ya fito lafiya lau, ba karaya, ba gyara, kuma an san ramin da ya fito.

Ƙananan ukun nan naka kuwa ba megalodon ba ne. Haƙori mai santsin gefe, ba bakin zarto, da 'yan ƙahoni biyu a gindi, ruwan ƙasa-ƙasa, manne a dutse mai laushi, wannan kusan kullum Otodus obliquus ne daga ma'adinan fosfet na Khouribga a Maroko, inda ake haƙo sinadarin takin zamani. Kakan megalodon ne na nesa, ya rayu wajen shekaru miliyan 60 zuwa 45 da suka wuce. Ma'aikata da mutanen ƙauyukan wurin suna tsintarsu da yawan gaske, har ana cika kwali da su, kuma ƙananan 'yan daloli ne kuɗinsu a kasuwar duniya. Dutsen da suke manne a jiki ma ka duba shi da kyau. Sau da yawa ba a haka aka same su ba. Ana kwaɓa garin dutsen wurin da gam, a dasa haƙora biyu ko uku a kai yadda za su yi kyan gani. In ka ga sun jeru tsaf, kowanne ya juyo da kyakkyawar fuskarsa waje, hannun mutum ne ya jera su. Ɗiga ruwa a gefe ka ɗan kankare da farce: in haɗi ne yakan yi laushi, wani lokaci har ka ji warin gam.

Wannan dangantaka tsakanin ƙananan da babban ita ce abin da ya fi burge ni a harkar, kuma da ni ne kai a kanta zan gina tarina. Zuriya ɗaya ce ta yi ta sauya haƙori cikin shekaru miliyan arba'in da wani abu. Obliquus mai santsi ne da ƙahoni. Bayansa auriculatus ya zo, ƙahonin na nan amma gefen ya fara yin zarto mai kaushi. Sai angustidens, ya ƙara faɗi, zarton ya daidaita. Sai chubutensis, wanda ƙahoninsa suka kusa narkewa cikin jikin haƙorin. Daga ƙarshe megalodon, faffaɗa, ba ƙaho a na manyansu, zarto ƙanana reras. Haƙorin cafkar kifi ne ya rikiɗe ya zama na yankan nama, daidai lokacin da dabbobin wel ke yaɗuwa a teku. Mutumin da ya jera waɗannan biyar a faranti ɗaya, ko da matsakaita ne, yana da abin nuna wa yara da baƙi fiye da mai ƙato ɗaya da bai san asalinsa ba. Wasunsu ma ba sai an je nesa ba, domin ma'adinan fosfet na Togo, a wajen Hahotoe da Kpogame, suna fitar da haƙoran tsakiyar wannan zuriya.

Babban baƙin kuwa, in na gaske ne, zatona daga Amurka ya fito. Launin haƙori ba na kifin ba ne, na ƙasar da ya kwanta a ciki ne, domin ma'adinan wurin ke shiga cikinsa su rina shi. Baƙi da toka-toka sun fi fitowa daga kogunan jihohin Karolina ta Kudu da Jojiya, irin kogin Cooper, inda masu nutso ke laluben gindin ruwa mai duhu, ga kada ga igiyar ruwa. Masuntan Argungu za su fi kowa gane wahalar wannan sana'a. Ana kuma samo su a gindin teku gaban Karolina ta Arewa, da ma'adinan fosfet na garin Aurora a jihar, da gaɓar Calvert a Maryland. Na Florida, musamman yankin da suke kira Bone Valley, yawanci ƙanana ne amma launinsu na da kyau, akwai shuɗi-shuɗi da fari da ruwan lemo. Hamadar Peru, wajen Ocucaje, ta fitar da wasu daga cikin mafiya girma, har da wanda ya kusa santimita 19, sai dai dokar ƙasar ta hana fitar da su, haka ma Chile. A 'yan shekarun nan yammacin tsibirin Java a Indonesiya ya cika kasuwa da haƙora masu kyan ɓawo, waɗanda sau da yawa saiwarsu ta ci ƙasa an sake gina ta. Yadda ɗaya daga cikin waɗannan ya iso Birnin Kebbi ba abin mamaki ba ne. Wani ya saya ta intanet, ko ya shigo cikin kayan masu fataucin duwatsun ado, ya yi ta sauya hannu, kowane hannu na ƙara masa labari.

Ga yadda za ka duba shi. Ka fita da shi rana, kada ka yarda da hasken cikin shago. Haƙorin gaske dutse ne, yana da nauyi fiye da yadda ido ke zato, yana da sanyi in ka ɗora shi a kunci, kuma in ka ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙarfe ƙararsa a bushe take. Na roba yakan yi sakayau, ya ɗau ɗumin hannu nan da nan. Sassa uku za ka nema. Akwai ɓawon sama mai sheƙi, wanda yawanci yake da siraran layukan tsagewa daga gindi zuwa tsini, kuma waɗannan ba aibi ba ne, alamar tsufa ce. Akwai saiwa mai kaushi da ƙananan ƙofofi, ba ta sheƙi. A tsakaninsu, ta fuskar da ta yi tudu, akwai wani ɗamara mai duhu da ya yi siffar kusurwa, shi ne babban abin da ke raba haƙorin megalodon da na farin shak. In sassan uku duk launinsu ɗaya, sheƙinsu ɗaya, to an zuba shi ne a mazubi aka shafa fenti. Ari madubin da maƙeran zinari ke duba kaya da shi, ka bi gefen. Zarton gaske yana da 'yan bambance-bambance, wani tsini ya goge, wani ya ɓalle. A na zubi za ka ga ƙananan ramukan kumfa, wani lokaci da layin inda mazubin ya haɗu.

Sai dai jabu tsantsa ba shi ne ya fi cutar masu saye ba, don gane shi ba wuya. Wanda ya fi yawa shi ne haƙorin gaske da aka yi wa ciko. Tsinin ya karye an gina sabo, ko kunnen saiwa ɗaya ya tafi an cike da gam mai ƙarfi an bi da fenti, ko an haɗa rabin wannan da rabin wancan, ko an ƙara wa saiwa tsawo don haƙorin ya haye inci shida. A nan ƙaramar tocilan ɗin da ake duba jabun kuɗi da ita tana aiki sosai. Ka shiga ɗaki mai duhu ka haska, wurin da aka cike yakan yi haske dabam da sauran. Sannan ka jiƙa auduga da ruwan goge jan farce ka shafa inda kake zargi. Ba ya yi wa dutse komai, amma fenti zai biyo audugar, gam kuma zai yi danƙo. Wasu suna sa allura mai zafi a saiwa, roba ta narke ta yi wari, amma wannan sai da yardar mai kaya. Akwai kuma gogewa da inji: inda ɓawo ya ɓare sai a goge wurin har ya yi ƙyalli. Mai sabon shiga yana ganin ya fi kyau, masu harkar kuwa rage masa kuɗi suke yi.

Ni ban ɗauki gyara laifi ba. Gidajen tarihi ma suna yi. Laifin shi ne a ɓoye. Haƙorin da aka ce maka an cike tsininsa, aka sayar maka a kuɗin mai ciko, ciniki ne halal.

Awo kuma da inci ake yi, daga tsini a karkace zuwa ƙarshen kunnen saiwa mafi tsawo. Ka auna da kanka, ga ka da tef a shago. Inci uku zuwa huɗu su ne na kowa da kowa. Biyar ya fara zama babba. Daga shida kuɗi ke tashi da ƙarfi, mai kyau yakan kai dubban daloli, bakwai kuwa 'yan kaɗan ne a duniya, kuma ba za su zo maka a aljihun dillali ba. Amma tsawo kaɗai ba ya yanke farashi. Inci huɗu mai cikakken zarto da lafiyayyar saiwa ya fi inci biyar da ruwa ya goge. Kada kuma ka ɗauki wannan a matsayin jari. Babu kasuwarsa a ƙasar nan, ranar da ka so sayarwa za ka rasa mai tayawa, na waje kuma tambayar farko da za su yi maka ita ce daga ina ya fito, wa ya sayar maka. In za ka saya ta intanet, ka nemi hoton gaba da baya da gefe tare da abin awo, da rubutaccen bayani kan gyara, in ba haka ba cinikin biri a sama ne.

Wannan tambaya ta daga ina, ita ce rabin darajar kowane abu irin wannan. Haƙorin da ba a san raminsa ba ado ne kawai, masani ba zai iya karanta komai daga gare shi ba. Shi ya sa ƙaryar Anka ta fi ba ni haushi fiye da tsadar. An ɗauki abu mai asali an goge asalinsa, an maye da wanda ba zai yiwu ba.

Game da samu da kanka, megalodon dai babu, amma abin da ke ƙasarmu ya girme shi nesa ba kusa ba. A Kebbi da Zamfara kansu rabon kaɗan ne. Shimfiɗun teku suna nan a ƙarƙashin yashin Gwandu, sun karkata a hankali zuwa arewa maso yamma, sai mai haƙar rijiya mai zurfi ke cin karo da su. Shimfiɗun Illo a kudu maso yammacin Kebbi da na Gundumi da suka biyo gefen tsoffin duwatsu ta ɓangaren Zamfara na koguna ne, abin da aka fi saninsu da shi itace ne da ya koma dutse. Shi ma abin tarawa ne mai kyau, har zanen jikin icen kana gani. Haƙoran kifi kuwa sai ka tsallaka jihar Sakkwato, wajen Dange da Wurno da Gilbedi da Dukamaje da tsaunukan Goronyo. Tun 1930 W. E. Swinton ya bayyana ƙasusuwan dabbobi masu jan ciki daga lardin Sakkwato, Errol White kuma ya yi na kifaye a 1934. A cikin waɗannan akwai wani ƙaton ƙadangaren teku da wasu masana 'yan Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo, da kuma wani kada mai suna Sokotosuchus. Ana samun ƙananan haƙoran shak, yawanci ba su wuce gaɓar yatsa ba, da faffaɗan haƙoran kifaye masu tauna ɓawo, da gutsattsarin ƙoƙon kunkuru, har da kashin dabbobi da ya koma dutse. A dutsen Kalambaina kuma akwai katantanwa da wasu dunƙulallun halittun teku masu zanen tauraro a baya. Shekarun Dange sun yi daidai da zamanin obliquus, don haka in wani ya nuna mini haƙori mai santsi da ƙahoni ya ce daga can ne, ba zan ƙaryata shi nan take ba, zan dai ce ya kai ni wurin.

Ba haƙa ake yi ba, tsinta ake yi. Bayan damina, lokacin da ruwa ya wanke gefen kwazazzabai da gindin tudu, mutum ya sunkuya ya bi a hankali. Sai dai kai ma ka san halin da wasu daga cikin waɗannan wurare ke ciki ta fuskar tsaro, gabashin Sakkwato da Zamfara musamman. Babu haƙorin da ya kai a shiga daji dominsa a irin wannan lokaci. Inda lafiya ta samu, a fara da gaida mai gari da neman izinin mai gona, a tafi da ɗan gari, kada kuma a tsaya ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya ci gindinta. Abin da ka tsinta, ka ɗauki hotonsa a inda yake kafin ka ɗaga, ka rubuta sunan ƙauye da rana da irin ƙasar. In ka ci karo da ƙasusuwa a jere ko ƙoƙon kai, kada ka ciro. Ka sanar da sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Ahmadu Bello a Zariya, ko Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa. Ciro irin wannan ba tare da sani ba yana lalata shi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa abin da ke cikin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, kayan tarihi kuma akwai Hukumar Gidajen Tarihi da aka kafa a 1979, don haka kafin ka yi tunanin haƙa ko fitar da wani abu waje, ka tambaye su a rubuce.

Wani abu kuma da na san zai taso. A Turai an yi ƙarnoni ana kiran waɗannan haƙora harsunan dutse, ana cewa maganin dafi ne, sarakuna na tsoma su a abin sha, musamman waɗanda ake kawowa daga tsibirin Malta. Sai a 1667 Nicolas Steno ya wallafa bayanin kan wani shak da aka kama a gaɓar Italiya, ya nuna haƙora ne. Mu ma muna da gatarin aradu, wanda a gaskiya makamin dutse ne na mutanen da. Ba za a daɗe ba wani zai ce haƙorin megalodon na maganin sammu ko ƙarfin maza. Kada a daka, kada a jiƙa a sha. Ƙasusuwan da suka kwanta cikin fosfet sukan tsotsi ƙarafa masu guba, har da ɗan yuraniyam. Riƙewa a hannu ba komai, niƙawa a shaƙa ko a haɗiye ne matsala. Mutanen Anka da Bukkuyum sun ga abin da niƙa dutse a cikin gida ya jawo a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara.

Ajiya ba ta da wuya. Ruwa da tsohon buroshin haƙori sun isa wanki. Ban da ruwan batir, ban da bilic, ban da shafa mai don ya yi ƙyalli. Kada a bar shi a mota ko bakin taga, zafin bazara da bushewar hunturu suna buɗa tsagar da ke jikinsa. Kowanne da 'yar takardarsa a ƙaramin akwati mai auduga, a kuma rubuta bayanin a littafi dabam, don takarda na ɓata.

In dillalin ya dawo, ka tambaye shi a hannun wa ya karɓa, shi kuma wancan a ina. Ƙananan ukun ka taya su a kuɗin tsaraba, ka rubuta musu Otodus obliquus, mai yiwuwa Khouribga, Maroko. Babban kuma ka auna, ka haska, ka shafa audugar. In ya tsallake duka, ka taya shi a matsayin haƙorin gaske wanda ba a san asalinsa ba, kuma haka za ka rubuta a takardarsa, kada sunan Anka ya hau. In ya ƙi a gwada, ka mayar masa da kayansa. Kafin nan ka turo mini hotonsa ta fuska uku da tef a gefe, da ɗaya na kusa da ke nuna inda ɓawo ya haɗu da saiwa, domin a nan aka fi ɓoye ciko.